Sabulu Mai Goyo

Yayata ta yi shekara goma sha tara tana naɗe sabulu. Aikinta a babban kamfanin nan mai sabulu mai shuɗiyar takarda shi ne ta tsaya a bakin inji, sabulu ya fito a naɗe, ta duba, wanda naɗinsa ya karkace ta kwance ta sake naɗewa da hannu. Sabulun ba baƙo ba ne a kowane gida. Da shi aka yi mana wanka muna jarirai, da shi aka wanke kayan makarantarmu, kuma in ka shiga kanti ka ce a ba ka sabulu, ba wanda zai tambaye ka wanne.

Ni akawu ne a wani kamfanin sufuri. Ina zama a ɗan ofishin da ke bakin get, duk kayan da za a loda a mota sai an ɗora su a sikeli na rubuta nauyinsu. Shekara huɗu Yaya ta ba ni, amma tun da mahaifinmu ya rasu take yi mini magana kamar ta ba ni ashirin. Ba ta kirana da komai sai Akawu.

Wata Asabar ta zo gidana, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Akawu, kai da kake auna kayan mutane, ba ka lura sabulunmu ya rame ba?"

Na ce, "Yaya, sabulu kuma yana ramewa?"

"Da, kunnen takardar ninki ɗaya nake yi masa. Yanzu sai na yi biyu. Takardar ba ta ƙaru ba. To me ya ragu?"

Na san amsar tun kafin ta rufe baki, don kwalin sabulun da nake rubuta wa kilo goma a shekarun baya, yanzu takwas da ɗan ɗoriya nake rubutawa. Amma littafin ofis ba na kawowa gida ba ne. Sai na je kanti na sayo guda ɗaya, na ɗora a kan ƙaramin sikelin da nake da shi. Giram ɗari da sittin da biyar. Da ɗari biyu ne. Ba a yi wa kowa ƙarya ba, domin an rubuta sabon nauyin a jikin takardar, da ƙananan baƙaƙe, daidai wurin da ninki na biyu yake rufewa. An kuma ɗan ƙwaƙule cikin sabulun ta ƙasa, yadda in ka kalle shi a kanta ba za ka ga ya canza ba.

Yaya ta juya shi a hannu ta ce, "Da hannuna nake rufe lambar nan kullum."

Bayan wata biyar aka kawo sabon inji wanda ba ya karkata naɗi, aka sallami mata ashirin da uku, har da ita. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta yi sati biyu tana share gidan da ba shi da datti, sannan ta je wurin wata tsohuwar malamar kimiyya da ta yi ritaya, ta yi wata uku tana koyon haɗa sabulu. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba don ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, ya kwashe tsofaffin tayoyi daga gareji, ya kafa mata kantocin katako har rufi, ya haɗa mata abin yanka da wayoyi. Ta kira mata shida cikin waɗanda aka sallama tare da ita. Tun daga ranar Direba ya laƙaba mata Manaja.

Aikin ba shi da ɗaurin kai, amma yana son haƙuri. A haɗa mai da soda da ruwa, a zuba a akwati, ya kwana biyu, a yanka, a buga hatimi, a jera a kanta ya sha iska sati huɗu. A cikin satin huɗun nan ruwan jikinsa yake fita, ya yi tauri. Ana yanka shi yana giram ɗari biyu da ashirin da biyar, ya sauka a ɗari biyu da biyu ko da uku. Hatiminta ba shi da fure ko tsuntsu, lamba ce kawai, 200, manya-manya. Ni na roƙe ta a ƙara 'yar ƙaramar lamba a gefe, ta zubi, don a san wanne aka yi yaushe. Ta ce, "Kai dai ba ka jin daɗi sai ka ga abu da lamba." Amma ta yarda. Duk Asabar nakan je in rubuta a littafi: ranar zubi, ranar yanka, ranar fita, da kantin da aka kai.

Wata bakwai na farko sabulun bai motsa ba. Ba shi da takarda, don ba ta da halin buga ta, sai mutane suka riƙa kiransa sabulun tsirara. Kamfani kuwa shi ya fente wa masu kantuna gaban shagunansu da shuɗi, shi ya ba su kantocin ƙarfe, kuma ba a ɗora sabulun wani a kansu. Na Yaya sai a ajiye shi a ƙasa, kusa da tsintsiya da guga. Direba yakan fita da kwali goma a 'yar motar da yake arowa, ya dawo da takwas. Biyu daga cikin matan suka fara neman aikin shara a wata makaranta.

Ana cikin haka ta tuna da ma'aunin mahaifinmu. Shi ƙusa da kwaɗo yake sayarwa a zamaninsa, ya bar ma'auni mai faranti biyu da ƙarafan awo na tagulla a cikin akwati. Ta goge shi har ya yi ƙyalli. Ranar Asabar da hantsi ta kafa tebur a gaban kantin wani dattijo da muke ce wa Baba Mai Kanti, a kwanar da motocin haya ke sauke mutane. Ta rubuta kalma uku a jikin kwali: Auna ka gani.

Wadda ta fara tsayawa wata mata ce mai wankin kayan asibitoci da otal, doguwa, mai murya kamar lasifika. Mai Wanki ta fito daga kantin da sabulu mai shuɗiyar takarda guda shida a leda, ta dubi teburin ta ce, "Baiwar Allah, me kike sayarwa, sabulu ko ma'auni?"

"Ba na sayar da komai, 'yar'uwa. Ara mini guda ɗaya cikin naki."

Yaya ta ɗora na kamfani a faranti ɗaya, da takardarsa da komai, ta ɗora nata a ɗayan. Nata ya yi ƙasa har farantin ya bugi tebur, ƙwal.

Mai Wanki ta ce, "Kin sa dutse a ciki."

"Ga wuƙa, yanka."

Ta yanka gida huɗu, ta sunsuna, ta murza a yatsa. Sannan ta kwance nata, ta juya shi, ta ga ramin da ke cikinsa. Ta ɗaga shi sama ta ƙwala wa mai kantin kira: "Baba! Fito ka ga sabulunka ya kwana da yunwa! Shi ya sa nake ta zargin ma'aikatana suna sace mini!"

Kafin azahar mutane sun cika wurin. Kowa so yake ya ɗora da hannunsa ya ji ƙarar farantin. Wasu suka ciro waya suna ɗauka. Yaya ba ta zagi kamfani ba ko sau ɗaya. In aka ce mata ai cuta ce, sai ta ce, "Ni ban ce ba. Shekara goma sha tara na ci abincinsu. Ku dai auna." Da ta ga abin ya karɓu, sai ta ɗauko ƙarfen giram ɗari biyu ta ɗaga ta ce duk wanda ya ɗora sabulunta, ƙarfen nan ya rinjaye shi, ya ɗauki kwali guda kyauta ya tafi.

Direba ya zage damtse. Da murafen gwangwani da guntayen ƙarfe ya ƙera ƙananan ma'aunai, kowane kanti da ya karɓi sabulun aka rataya masa ɗaya a ƙofa. Hoton farantin yana bugun tebur ya zaga wayoyin mutane, har abokan aikina suka nuna mini ba su san yayata ba ce. Rashin takardar ma ya zama abin talla, mata suna cewa wannan ba shi da abin ɓoyewa. A wata na takwas kantuna biyar ke karɓar sabulunta. A wata na goma sha ɗaya sun kai talatin da huɗu. Matan nan biyu suka fasa aikin shara.

Daga nan matsala ta faro. Kantocin gareji ba su ɗaukar fiye da abin da suke ɗauka, kuma kowane sabulu sai ya zauna a kansu sati huɗu. Masu kantuna suna kira tun da safe. Wanda aka ce masa ya jira sai ya ce zai cire ma'aunin daga ƙofarsa. Yaya ta fara fitar da sabulu yana sati uku, sannan biyu, sannan kwana bakwai. Wannan bai rage nauyi ba, sai dai sabulun ya ɗan yi laushi. Amma tana ɗora shi a sikeli a bakin ƙofa sai ta ga ɗari biyu da goma sha huɗu.

Wata Asabar na iske ta da filaya a hannu tana matse wayoyin abin yanka.

Na ce, "Yaya, me ake yi?"

"Ɗari biyu na yi alkawari, ɗari biyu da sha huɗu nake bayarwa. In na matse wayar, kowane akwati zai ba ni ƙarin sabulu biyu. Ka san kantuna nawa ke jira?"

"Ai sha huɗun nan ruwa ne. Zai fita."

"A ina zai fita? Sabulun da ba ya kwana uku a kanti? Kafin ya bushe an wanke riga da shi."

"In kuma ya kwana fa?"

Ta ajiye filayar ta dube ni. "Akawu, ka taɓa sayar da ko allura? Kowanne da hannuna nake aunawa kafin ya fita. Ɗari biyu da biyu. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba, a ranar. Na yi shiru, kuma har yau ina ganin laifina a shirun nan. Abin da na yi kawai, na rubuta a littafi cewa an matse waya daga zubi na arba'in da ɗaya.

Kamfani yana da wani wakili da ke zagaya kantuna, mutum mai fara'a, kullum da nektai ko ana zafi kamar me, har sunan ya bi shi. Mai Nektai ya san Yaya tun a masana'anta, Mama yake ce mata. Kafin ya koma talla ya yi shekara shida a ɓangaren haɗi, don haka ya san sabulu. Daga baya Baba Mai Kanti ya gaya mana cewa wata rana ya shigo, ya ɗauki sabulun Yaya, ya danna da babban yatsa, ya dubi shatin yatsan, ya yi murmushi, ya sayi dozin guda. Ya zuba su a bayan motarsa, ya yi sati uku yana yawo da su a rana.

Ranar da ya zo teburin ina wurin. Asabar ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mutane sun fi arba'in. Ya gaishe ta har da rusunawa.

"Mama, an ce in ƙarfe ya rinjayi sabulu akwai kwali kyauta. Har da mu 'yan kamfani?"

Yaya ta yi dariya ta ce, "Har da manajanku in yana so. Bismillah, ɗana."

Ya ciro guda ɗaya, ya nuna wa jama'a hatimin, ya miƙa wa Mai Wanki ya ce ita ta ɗora, kada a ce hannunsa. Ta ɗora. Farantin ƙarfen ya yi ƙasa a hankali ya zauna. Ba ƙara ya yi ba, amma wurin ya yi tsit har ana jin rediyon kantin.

Mai Wanki ta ce, "Kawo wani."

Ta ɗora na biyu, na uku, har na sha biyu. Duk ƙarfen ya rinjaye su. Wani daga baya ya ce, "Ashe duk kanwar ja ce." Wata ta ce, "Gara ma na kamfani, shi bai rantse mana ba." Wayoyin da suka ɗauki farantin yana bugun tebur, su ne dai aka sake ɗagawa.

Mai Wanki ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce, "Yaya, ni na riƙa bin gidaje ina cewa a sayi naki. Da bakina."

Yaya ta ɗauki ɗaya daga cikin sabulan, ta juya shi, ta duba 'yar lambar gefe. Ta ce, "Nawa ne. Ba a rage shi ba, ba a canza shi ba." Ta juya wurin mijinta. "Baban yara, sauke masa kwali goma sha biyu."

Mai Nektai ya ɗan daburce ya ce, "Haba Mama, ɗaya ma ya isa."

"Sha biyu ka auna."

Kwali tara ne a motar. Ta ce ya biyo sauran ukun ranar Litinin. Ta naɗe ma'aunin a tsumma, muka tafi.

A gareji na ɗora ɗaya daga cikin irin sabulan a sikelina: ɗari da tamanin da takwas. Matan shida suna tsaye jikin bango. Direba ya yi gyaran murya ya ce, "Manaja, a ce rana ce. Mutumin nan gasa su ya yi a mota. Kowa ya san haka."

"Rana ce ta matse wayar?"

"To a cire lambar daga hatimi, a daina zancen awon nan, a sayar da sabulu kamar kowa."

Ta ce, "In na cire lambar me ya rage? Ƙamshi na fi su, ko kumfa? Mutane ba sabulu suka saya a wurina ba, ƙarar farantin nan suka saya." Ta zauna a kan bokiti. "Shekara nawa ina rufe lambar wasu da ninki biyu. Da aka ba ni tawa, ko shekara ban yi ba."

Babbar cikin matan ta ce, "Yaya, mu dai ki gaya mana, mu zo Litinin ko mu nemi wani abin?"

Yaya ta ɗago ta ce, "Akawu, littafin nan naka da nake yi wa dariya, zai iya gaya mini waɗanne ne, kuma ina suka je?"

Na ce zai iya. Zubi na arba'in da ɗaya zuwa na hamsin da takwas, goma sha takwas ke nan, an kai su kantuna talatin da ɗaya. Na ƙasa da arba'in da ɗaya lafiyarsu ƙalau. A kanta ta can sama kuma akwai zubi biyu, na talatin da tara da na arba'in, waɗanda gefensu ya ɗan guntule wurin yanka aka ajiye, sun fi wata biyu suna shan iska.

Ta miƙe ta sauko da su. Ta ce a yanka su ƙanana, kowane yanki giram ashirin. Ta ce a mayar da wayoyi inda suke. Ta ce daga yau ba sabulun da zai fita sai ya cika sati huɗu, ko wa ya kira. Sannan ta dubi matan ta ce, "Ku zo Litinin. Ku zo da zare."

Sati guda muka yi ana bin kantuna da jerin da na fitar. Duk sabulun da ya rage a kanta mai lamba tsakanin arba'in da ɗaya da hamsin da takwas, a ɗaura masa ɗan yanki a baya da farin zare. A kowane kanti kuma aka bar kwano cike da yankuna, wanda ya riga ya saya ya zo ya ɗauki cikonsa, ba sai ya kawo shaida ba. Direba ya ce za a kwashe su a banza. An kwashe wasu kam. Ita da kanta take shiga kowane kanti ta yi bayani, kalma ɗaya ba ta canzawa: "Na fitar da shi bai bushe ba, na kuma rage yanka. Ni na yi." Wasu masu kantunan suka karɓa. Wasu suka ciro ma'aunin Direba daga ƙofa suka miƙo mata. Wani ya ce, "Hajiya, ni kasuwa nake yi, ba wa'azi ba."

Abin da ya fi wuya shi ne jiran. Sati uku ba abin kaiwa kanti, sabulu yana jere a kantoci yana bushewa, waya tana ta ƙara tana ba da haƙuri. A satin nan uku kamfani ya sauke farashi, ya raba wa masu kantuna sababbin alluna. Cikin kantuna talatin da huɗu, goma sha uku suka jira ta. Mata biyu daga cikin shidan suka tafi, wannan karon ba su dawo ba, kuma ba ta riƙe su a zuciya ba.

Ranar da zubi na hamsin da tara ya cika kwana ashirin da takwas, ta ce za ta koma teburin. Direba ya ce a canza wuri. Ta ce a inda ta faɗi za ta tashi. Kafin mu fita na ga matan suna ɗaura wa sababbin sabulan yanki a baya.

Na ce, "Yaya, waɗannan ai sun cika. Ɗari biyu da uku na auna."

"Na sani. Ka bar shi. Ni nake so in riƙa ganinsa."

Mutanen da suka taru ba su kai na da ba, kuma rabinsu kallo suka zo yi. An fi awa guda ba wanda ya taɓa ma'aunin. Sai ga Mai Wanki da ledarta, sabulu mai shuɗiyar takarda guda shida a ciki. Ta tsaya nesa kaɗan ta ce, "Me nake gani haka? Sabulun naki haihuwa ya yi?"

"Ciko ne."

"Wane ciko, goyo dai. Dubi yadda aka ɗaure shi kamar za a je asibiti." Aka yi dariya kaɗan. Ta matso ta ɗauki ɗaya, ta danna da babban yatsa iya ƙarfinta. Bai loɓa ba. "Sauke ɗan tukuna. Uwar nake so in auna ita kaɗai."

Yaya ta tsinke zaren. Mai Wanki ta ɗora sabulun, ta ɗora ƙarfen. Farantin sabulun ya yi ƙasa kaɗan, ya tsaya.

"Yau ke nan," in ji Mai Wanki. "Wancan ma ranar farko ya cika."

Yaya ta ce, "Gaskiyarki. Tafi da shi. Ki ajiye shi inda kika ga dama, a rana ko kusa da dutsen guga. Bayan wata guda ki kawo, a nan, gaban mutane."

"In ya rame fa?"

"Ki tafi da ma'aunin. Na babanmu ne, ba ni da abin da ya fi shi."

Mai Wanki ta jefa sabulun a leda, ta ɗauki ɗan yankin ma ta ce ba a raba uwa da ɗa. Ba ta sayi ko ɗaya ba.

Watan nan Yaya ba ta yi zancen ba, amma na lura ta ajiye guda ɗaya daga zubin a kan taga inda rana ke bugawa, kuma duk zuwana sai ta ce in auna. Ɗari biyu da biyu. Ɗari biyu da ɗaya. Sati na huɗu ma ɗari biyu da ɗaya. Ta ce, "Giram ɗaya tsakanina da kunya, Akawu." Daga zubi na gaba ta sa aka buɗa wayar kaɗan.

Mai Wanki ta zo ranar da aka yi, da ma'aikatanta uku a bayanta. Mai Nektai ma ya faka motarsa a tsallake, ya tsaya jikinta. Ta ciro sabulun, ya yi fari ya ƙeƙashe, ta ce a ɗakin guga ya yi watan, a kan kantar da ke saman injin busar da kaya. Ta ɗora. Sandar ma'aunin ta yi lilo, ta yi lilo, ta tsaya a miƙe, sannan ta ɗan sunkuya wajen sabulun, da ƙyar ido zai gani.

Mai Wanki ta sunkuya ta leƙa ta ƙasa, ta miƙe ta ce, "Da ƙyar na sha, in ji sabulu. To a ba ni mai goyo kwali biyu. Kuma kada a sauke mini 'ya'yan, da su nake wanke wuyan riga."

Sunan ya zauna. Yau shekara uku ke nan, ba mai cewa sabulun tsirara, sai mai goyo. Kantuna ashirin da shida ke karɓa, ba su koma talatin da huɗu ba, kuma Yaya ba ta ƙara kanti sai Direba ya ƙara kanta a gareji tukuna. Mata biyar ke aiki. Kamfani yana nan da ƙarfinsa, har yanzu shi ne a kantocin ƙarfe, sai dai bara ya fito da sabuwar takarda mai ninki ɗaya, an rubuta 180 a gaba, manya-manya. Mai Nektai ya kawo mata guda ɗaya da kansa, ya ce, "Mama, ga aikinki." Ta ɗora a ma'auni kafin ta amsa gaisuwarsa. Ya cika.

Sauran kwali ukun nan kuwa bai taɓa zuwa ɗauka ba. Suna nan a kusurwar gareji, ta hana a taɓa. Ranar Asabar da ta wuce na ce mata sabulan ciki sun yi tauri kamar dutse, a yanka su a yi goyo da su. Ta ce, "Na mutane ne, Akawu. Rubuta zubin yau ka bar mini surutu." Na rubuta: zubi na ɗari uku da sha biyu, zai fita bayan kwana ashirin da takwas.